Da 'Yar Gari Akan Ci Gari

A daminar da ta wuce Allah ya kai ni wani ƙauye ta'aziyya, irin ƙauyukan nan da in ka sauka daga kan kwalta sai ka yi sa'a biyu kana fama da laka da kwazazzabai kafin ka hango rimin bakin gari. Matar ƙanen wani aminina ce ta rasu, yarinya ɗanya shakaf, wadda ta haihu lafiya da tsakar dare, jini ya ɓalle mata kafin asuba, aka ɗora ta bisa amalanken shanu aka nufi babban gari da ita, rai ya yi halinsa tun ba a ci rabin hanya ba. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne, hanyar da amalanken ya bi ta gaban asibitin ƙauyen ta ratsa. Na je na gan shi da idona bayan mun yi addu'a: gini sabo, fenti bai ko dushe ba, kwanon rufi yana ƙyalli, ga allo an rubuta shekarar da aka buɗe shi, ga kuma wani ƙaton kwaɗo a ƙofa, awaki sun fake wa yayyafi a barandar. Na tambayi wani dattijo da ke saƙar igiya a gindin bango ina malamin asibiti, ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Malam ai sai ranar kasuwa."

Mu Musulmi ne, mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, kuma babu mai jayayya cewa wanda ajalinsa ya zo, ko da likitocin duniya sun taru a kansa, ba za su ƙara masa numfashi ɗaya ba. Amma malamanmu ba su taɓa karantar da mu cewa tawakkali ya kore riƙo da sababi ba. Hasali ma sun sanya ilmin likitanci cikin farillan kifaya, wato irin wajibin da in wasu sun ɗauke shi ya saraya daga kan saura, in kuwa kowa ya yi biris da shi, alhakin ya hau wuyan jama'a duka. Imamu Gazali ya koka cikin Ihya'u a kan yadda ɗalibai suka yi rububin fiƙihu da jayayyar mas'aloli suka bar garuruwa babu likita Musulmi, a nan ƙasarmu kuma Shehu Abdullahi na Gwandu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello duk sun wallafa littattafai a kan lafiyar jiki da magunguna. Saboda haka wanda ya tambayi dalilin da ya sa aka bar mata dubu a gari babu wadda ta san yadda ake tsayar da jinin haihuwa, bai yi wa hukuncin Allah shisshigi ba, farilla ce ya tuna wa mutane.

Lissafin hukuma ma bai ɓoye girman musibar ba. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar, cikin kowace haihuwa 100,000 kuma uwaye 512 ke rasa rayukansu. A lokacin, haihuwar da ake yi a asibiti ba ta wuce kashi 39 cikin ɗari ba a ƙasa baki ɗaya, a Arewa maso Yamma kuwa wajen kashi 16 ne kacal. Ma'anar wannan a fili take ga mai hankali: matanmu a ɗaka suke haihuwa, yaranmu a ɗaka suke jinya, don haka duk wani ilmin lafiya da ya tsaya a bayan teburin asibiti yana jiran a zo masa, bai ko kusanci inda ake mutuwar ba.

Abin mamaki shi ne magabata sun gane haka tuntuni. Tun zamanin En'e akwai Makarantar Tsafta a Kano, wadda ta riƙa yaye duba-gari, kuma dattawan da suka ga jiya suna ba da labarin yadda mata ke zubar da tsohon ruwa su wanke randa da an ce ga duba-gari nan ya shigo unguwa. Akwai tsoro da tara cikin lamarin, ban musa ba, amma dai mutumin ƙafarsa ke kai shi gida gida. Daga baya, a 1978, ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata, cikin tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka yi ittifaƙi cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne ginshiƙi, sa'an nan Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗauki wannan ra'ayi da himma ta gaske, ya fara gwada shi a ƙananan hukumomi 52. A bisa wannan tsari ne makarantun fasahar lafiya ke horar da malaman lafiya na karkara, ƙarami shekara biyu, babba shekara uku, a ba kowannensu littafin ƙa'idojin aiki wanda ya fayyace masa abin da zai yi wa kowace cuta da kuma iyakar da in ya kai dole ya tura marar lafiya gaba, aka kuma shar'anta cewa mafi yawan lokacinsa cikin gari zai ƙare shi, tsakanin gidaje da rijiyoyi da makarantu, asibitin kuwa wurin dawowa ne kawai.

To, ina aka kwana? Makarantu sun yawaita, na gwamnati da na 'yan kasuwa, har ta kai kusan kowane babban gari ka shiga za ka ga 'yan mata da samari sanye da fararen kaya suna jiran adaidaita da safe, kuma kowace shekara ana yaye su garke garke. Sai dai wanda aka yaye ɗin, in ɗan birni ne, kamar yadda galibinsu suke, ranar da takardar turi ta fito da sunan wani ƙauye ranar yake fara neman wanda zai yi masa hanya a dawo da shi. In bai samu ba, sai ya ajiye iyali a birni, ya riƙa leƙawa ranar kasuwa, ya yi wa mutum ashirin allura, ya hau babur ya juya kafin la'asar. Wanda bai sami aikin ba kuma ya buɗe kemis a bakin tasha, jama'a na ce masa likita, shi ma tun yana jin nauyi har ya saba amsawa. Ba na ɗora masa laifin duka. Mutumin da aka kai inda babu ɗakin kwana, babu ruwa, babu makarantar 'ya'yansa, albashinsa kuma sai an ga dama, zalunci ne a nemi ya yi zuhudun da mai neman ba zai iya kwana uku a kansa ba. Laifin na tadbiri ne: mun ɗauko baƙo mun horar, alhali da ɗan gari akan ci gari.

A nan ma sai in ce da 'yar gari, domin akwai ƙofar da namiji, kome iliminsa, ba ya wuce ta. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san zaure iyaka ne, ya kuma san cewa matar da za ta yini tana ɓoye naƙuda don kunya, har uwar mijinta ba ta sani ba, ba za ta buɗe baki ta gaya wa wani saurayi baƙo cewa tana ganin jini ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kuma kada wani ya ce fitar mace don hidimar 'yan'uwanta mata bidi'a ce da aka kawo mana daga ƙetare, domin Nana Asma'u 'yar Shehu ta naɗa jajis, ta ɗora musu malfa, ta aike su ƙauyuka su karantar da mata cikin tsarin 'yan taru, tun kafin a san za a yi wata ma'aikatar lafiya a ƙasar nan. A zamaninmu ma an gwada: shirin da aka gudanar daga 2012 a jihohin Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara ya riƙa ɗauko 'yan matan karkara da matan aure waɗanda sakamakon sakandarensu bai kai ba, da yardar iyaye da mazaje da masu gari, a yi musu shekarar share fage, sa'an nan su shiga makarantun jinya da ungozoma bisa alkawarin za su koma garuruwansu. Abin da ya shawo kan mazaje da yawa ba wa'azi ba ne, ganin an yi wa ɗakunan kwanan katanga ne, an sa uwar ɗaki, an keɓe wurin renon jarirai.

Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda aljihunsu bai kai namu nauyi ba, sun ba da hujjar da ta fi tawa ƙarfi. A zamanin Shugaba Tandja Mamadou suka giggina ƙananan ɗakunan shan magani wajen 2,000 a karkara, suka zuba musu ma'aikata masu horon 'yan watanni waɗanda aka koya wa maganin zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙari, a 2006 kuma suka yafe kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Mutuwar irin waɗannan yara ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Habasha ta ɗebi mata fiye da 30,000 waɗanda suka gama aji goma, ta horar da su shekara guda, ta ajiye bibbiyu a kowace gunduma, ta sa su cikin masu albashi. Mu kanmu, ba da manyan likitoci muka kori shan inna ba, har aka ba Afirka shaidar rabuwa da ita a watan Agustan 2020. Matan unguwa ne, masu hijabi da 'yar jaka da alli, waɗanda suka san gidan da aka yi haihuwa jiya da maigidan da sai an bi ta hannun limaminsa.

Na san akwai masu inkari, cikinsu har da likitoci abokaina, waɗanda ke cewa wannan maganin talaka ne, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Maganarsu tana da fuska, domin ni ma na ga yaron da aka gurgunta wa ƙafa da allurar da ba ta da dalili. Amma a dubi abin da ake nema daga malamar lafiyar ƙauye, a gani ko ya fi ƙarfinta. Ta zauna a bakin tabarma, ta ɗaga rigar jariri, ta ƙirga numfashinsa minti ɗaya, in ya kai hamsin ga wanda ya kai wata biyu amma bai cika shekara ba ta san huhu ne ya taɓu. Ta ɗaura ɗan ma'aunin nan mai launi uku a damtsen yaro, in ya faɗa ja ta san tamowa ta yi nisa. Ta huda yatsa ta gwada jini kafin ta ce cizon sauro ne. Ta dama ruwan gishiri da sukari a gaban uwa, ta tsaya har uwar ta dama nata. Ta auna hawan jinin mai ciki, ta ga kumburin ƙafa da fuska ta tuna jijjiga. Ta ajiye ƙwayoyin misoforostol guda uku a kusa, a ba mai haihuwa da zarar jariri ya faɗo. Bayan wannan duka, babban iliminta shi ne ta san inda iliminta ya ƙare, ta kuma mallaki lambar direban da zai tashi da tsakar dare. Ƙaramin sani yana zama ƙuƙumi ne in an saki mai shi shekara biyar babu wanda ya zo ya duba littafinsa, ya zauna ya ga yadda yake aiki, ya gyara masa. Rashin mai dubawa shi ke mai da malamin lafiya boka.

Ba kuma na goyon bayan a yi fito-na-fito da tsofaffin ungozomomi da wanzamai, waɗanda jama'a suka amince wa tun kaka da kakanni. Akwai abubuwan da dole a hana, kamar yankan gishiri, da cire beli da aska ɗaya ga yara biyar, da ɗura wa maijego kunun kanwa fiye da kima, wanda likitocin Zariya suka daɗe da danganta shi da ciwon zuciyar bayan haihuwa. Amma tsohuwar da ta yanke cibiyar rabin garin ba za ta karɓi gyara daga baƙo ba, za ta iya karɓa daga jikarta, in jikar ta durƙusa ta ce, "Iya, a bar ni in wanke hannu in taimaka miki."

Saura maganar da kowa ke tsallakewa, wato lada. Mun saba kiran waɗannan mata 'yan sa-kai, mu ba su riga da hula da ɗan abin sayen sabulu lokacin rigakafi, in masu ba da tallafi sun naɗe tabarmarsu shi ke nan kowa ya watse. Shirin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a garin Lafiya a 2018, na ajiye mata masu zaga gidaje a kowace mazaɓa, manufarsa kyakkyawa ce, amma mace mai 'ya'ya huɗu ba za ta bar sana'ar ƙuli-ƙulinta ta yini a rana don alawus ɗin da ba ta san ranar zuwansa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya don kiwon lafiya matakin farko, shugabannin Afirka kuma a Abuja suka yi alkawarin kashi 15 na kasafi a 2001. Abin da nake roƙon gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi shi ne, duk lokacin da aka kawo musu takardar kwangilar sabon gini, su fara tambaya 'yar wane gida ce za ta zauna a cikinsa, wa ya biya kuɗin karatunta, daga wane asusu kuma albashinta zai fito. Gini yana da ranar yanke ƙyalle da hoto a jarida, albashin malamar ƙauye ba shi da wannan, shi ya sa ake gaggawar ɗaya ana jinkirta ɗaya.

Kafin mu baro ƙauyen nan, wata yarinya ce ta kawo mana fura a zauren dagaci. Da ta fita dagacin ya ce mini ƙanwar mamaciyar ce, ta gama sakandare shekara biyu ke nan, lissafi ne kaɗai ya kayar da ita, kuma ita ce ta riƙe fitila a daren da abin ya faru. Ya ce in na koma birni in tambayo masa nawa ne kuɗin fom na makarantar lafiya, da ko suna karɓar mai aure, domin an riga an sa mata rana bayan kaka.