Zancen Akawu: Gyaran Tsohon Fim, Gaskiya Ne Ko Jabu?

Zuwa ga Edita. Ina roƙo ka bar mini filina na kullum, domin in amsa tambayar da wani malamin makaranta ya aiko mini makon jiya. Ya ce ya ji labari Jamusawa sun gyara tsohon fim ɗin Shaihu Umar da kwamfuta, har ya komo fes. Abin da ya dame shi shi ne, wai abin da aka gyara haka shi ne na asali, ko kuwa jabu aka yi mana? Tambaya ce ta mai hankali, kwana biyu na yi ina jujjuya ta.

Mu fara da fim ɗin kansa. Duk wanda ya zauna a aji ya san littafin Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga cikin 1934: labarin yaron Kagara da aka sace, aka ƙetare hamada da shi cikin bauta, uwarsa ta bi sawu tana nema. Cikin 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim da harshen Hausa, Umaru Ladan ya fito a Shaihun. Daga baya fim ɗin ya yi ɓatan dabo, har mutane suka fid da rai. Sai cikin 2016 aka tarad da uwarsa, watau abin da masu hoto ke kira nagatif, cikin ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Wata cibiya ta birnin Berlin mai suna Arsenal ta ɗauki aikin gyaran, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin cikin 2018. Shekara arba'in ke nan tsakanin ɗauka da ganowa, ku kuwa kun san abin da shekara arba'in ke yi wa kayan da aka rufe a ɗaki a ƙasar zafi.

Fim irin na dā ba kome ba ne illa dogon zare mai faɗin milimita 35, da hotuna jere a kansa ɗaya bayan ɗaya. Majigi ya kan wuce da hoto 24 cikin kowane sakan, ido ya ruɗu ya ga motsi. Shaihu Umar minti 142 ne. Na zauna na buga lissafi, aikin akawu ke nan, na sami hoto 204,480. Kowane ɗayansu kuwa yana iya ɗaukar ƙura, ko ƙarzuwa, ko tabon ruwa, ko fumfuna.

Zaren farko da Turawa suka yi, na naitiret, ɗan'uwan albarushi ne. In ya kama wuta, ko an tsoma shi cikin ruwa ba ya mutuwa. Cikin 1937 ma'ajin kamfanin Fox a Amurka ya ƙone ƙurmus da irinsa. Binciken da Laburaren Majalisar Amurka ya fitar cikin 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finansu marasa magana sun ɓata har abada. To, in masu abin sun yi wannan hasara, ina ga mu? Wajen 1951 aka daina yin naitiret, aka koma ga asitet, wanda ba ya cin wuta haka. Amma shi ma da tasa cutar. Zafi da laima su kan sa ya riƙa fid da wari mai tsami, ya ƙanƙance, ya lanƙwashe, ya yi gautsi, tsamin da ya fitar kuma shi ke ƙara cinsa. Launi kuwa ba ya koɗewa bai ɗaya: shuɗi da rawaya su kan riga gudu, su bar ja. Shi ya sa ka kan ga tsohon fim kowa a ciki kamar an turbuɗa shi cikin jar ƙasa.

Ga yadda a ke gyaran. Da fari aikin hannu ne. A warware zaren a hankali, a liƙe inda ya yage, a gyara 'yan ramukan gefe da haƙoran injin ke kamawa, a wanke datti. Sa'an nan a sa shi cikin na'urar da a ke kira sikana, ta ɗauki hoton kowane hoto ɗaya ɗaya, ta mai da shi ɗigo-ɗigo, wajen ɗigo 2,000 ko 4,000 a faɗinsa. Akwai wata dabara da ta ba ni sha'awa ƙwarai: a kan jiƙa zaren da wani ruwa lokacin ɗaukar, ruwan ya cike ƙarzuwar, haske ya wuce sumul kamar ba a taɓa ƙarzar wurin ba. Maganar 'yan wasa kuwa tana rubuce cikin wani siririn layi a gefen zare, ita ma a kwashe ta dabam, a rage mata ƙara da shacin tsufa.

Bayan wannan sai aikin kwamfuta. Ƙura ba ta zama wuri guda a hoto biyu. Saboda haka kwamfuta ta kan gwada hoto da na gabansa da na bayansa. In ta ga baƙin ɗigo a goshin mutum a wannan, ba ta gan shi a maƙwabtansa ba, sai ta ce datti ne, ta ɗebo goshin daga maƙwabci ta rufe. Haka ta ke tsai da hoton da ke rawa, ta daidaita hasken da ke ƙyaftawa. Amma fa kwamfuta ba ta san ƙura ba, abin da ya zo ya wuce da sauri kaɗai ta sani. Ɗigon ruwan sama, tartsatsin wuta, kibiya a sama, duk tana iya share su da sunan datti. Don haka dole mutum ya zauna ya bi bayanta da ido, hoto bayan hoto.

A nan ne tambayar malam ta tsaya, ni kuwa ba zan iya amsa ta ba sai na tona asirin kaina. Sa'ad da na fara aiki, an ba ni wani tsohon rajistan gonaki in kwafe, gara ta yi masa ɓarna. Na zo wani layi, adadin kadada ya nuna 1, lamba ta biyu gara ta cinye, sai ɗan ƙugiya ya rage a sama. Na duba, na ce wannan 2 ce, na rubuta 12 da kyakkyawan rubutuna na makaranta, na wuce. Bayan watanni rigimar gado ta tashi a kan gonar nan, aka nemo wani kwafi a wani ofis, sai ga 17. Saura kaɗan marayu su rasa kadada biyar saboda tsabtar aikina. Babban akawu bai yi mini tsawa ba. Cewa ya yi, “Yaro, inda gara ta ci, ka bar fili, ka rubuta gara ta ci.” Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

To, malam, ga amsata. Mai gyara in ya cire abin da zamani ya ɗora, ƙura da ƙarzuwa da jan nan na tsufa, ya komar da hoto yadda mai ɗauka ya bar shi, wannan ba jabu ba ne, kamar wanke riga ne. In kuwa ya sa abin da babu, ya goge fuska ta yi santsi kamar tangaran, ya ƙara launin da ya ga ya fi kyau, ya bar na'ura ta ƙago ido da baki inda suka lalace, to, ya rubuta 12 ke nan. Masu aikin ƙwarai sun san haka. Fim ɗin nan na Jamus, Metropolis, na 1927, an datse shi tun farkon fitarsa, sai cikin 2008 aka sami kwafi a Buenos Aires ta ƙasar Ajantina mai ɗauke da wajen minti 25 da suka ɓata. Kwafin ya ƙarzu ainun. Aka gyara iyakar abin da ya gyaru, aka haɗa, aka nuna cikin 2010, mai kallo yana ganin zane-zanen tsufa a wuraren nan, inda kuma ba a samu ba sam aka sa rubutu ya faɗi abin da ya faru. Wani ya ce da ni ai wannan muni ne. Ni dai a wurina, sun bar fili sun rubuta gara ta ci.

Na launi ne ya fi wuya, ban ɓoye muku ba. In mai ɗauka ya rasu, wa zai ce ga ainihin shuɗin rawanin nan? Baƙin rini na Kano mai ƙyalli dabam ya ke da shuɗin kanti, wanda bai taɓa ganin turkuɗi a kan mutum ba kuwa yana iya ɗaukar ƙyallin nan aibi ne ya rage shi. Don haka na ke ganin bai kamata a yi irin wannan aiki ba sai da namu a zaune kusa, kuma lalle samarinmu su koyi sana'ar. Akwai ma'ajin fina-finai na ƙasa a Jos, can ya kamata a riƙa samun irinsu.

Saura gargaɗi guda. Kada wanda ya ce tun da an kwafe cikin kwamfuta sai a zub da gwangwanayen. Faifan kwamfuta ya kan mutu rana ɗaya ba sallama, sai an yi ta sauya masa mazauni, zaren kuwa in ya sami ɗaki mai sanyi marar laima ya kan daɗe ƙwarai. Shi ne shaidar da za a koma gare ta ran da aka yi gardama a kan gyaran.

Ku 'yan'uwana akawuna da malamai, in akwai tsofaffin gwangwanayen majigi a sito na ofishinku ko makarantarku, kada ku ɗora su a kan injin don ku ga abin da ke ciki, haƙoransa za su yayyaga su. Ku ɗauke su daga ƙasa, ku nisanta su da rana da wuta, ku ware masu warin tsami daga sauran, ku kwafe abin da ke rubuce a jikin kowane gwangwani, sa'an nan ku aika wa ma'ajin Jos takarda.

Haza wasalam. Naku, Akawu.