Mai Kyamara, Me Za Ka Ɗauko Mana Daga Bagudo?

A wannan makon zan ɗan jingine alƙalamin ƙagaggen labari, domin in tofa albarkacin bakina a kan wata sana'a da ke maƙwabtaka da tamu, wato ta matasan nan namu da ke saɓa kyamara ko wayar hannu su shiga gari-gari suna ɗauko mana hoton tafiya, su zuba a YouTube da Facebook da TikTok. Sana'a ce mai kyau, ina kuma yi musu fatan alheri. Sai dai akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda ake zaɓen abin da za a nuna, da hoton da za a ɗora a fosta, da kuma sautin da za a shimfiɗa a ƙarƙashi. Zan yi misali da ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, wadda ke kan iyakarmu da Jamhuriyar Benin, saboda a irin waɗannan wurare ne zaɓin mai kyamara ke iya ɗaga mutane ko ya kunyata su.

Labarin tafiya dai ba baƙo ba ne a adabinmu. Ruwan Bagaja na marigayi Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, labarin matafiyi ne tun daga farkonsa har ƙarshensa, haka kuma bayan ya je Ingila a 1943 ya rubuta mana Tafiya Mabuɗin Ilmi. Mu kuwa marubutan da ake yi wa laƙabi da 'yan adabin kasuwa, kowa ya san marubuci na iya zama a ɗakinsa a Fagge ya kai tauraruwarsa Landan ko Dubai ya dawo da ita kafin la'asar, domin takarda ba ta gardama. Shi ya sa jama'a ke ganin mai kyamara ya fi mu gaskiya, tunda an ce gani ya kori ji. To amma a tuna, wanda ya yi kwana uku yana ɗaukar hoto, minti goma sha biyar zai fitar mana. Shi ne ya zaɓi abin da zai bari da abin da zai yanke, don haka shi ma marubuci ne, almakashi ne kawai alƙalaminsa.

Bari mu fara da sanin wurin tukuna. Bagudo ƙaramar hukuma ce a Jihar Kebbi, jihar da aka ciro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Kogin Kwara ya ratsa ta, kuma a cikinta ne ake samun garuruwa irin su Illo da Ka'oje da Zagga da Lolo da Tsamiya, inda hanya ke ƙetarawa zuwa Segbana ta ƙasar Benin. Banda Hausawa da Fulani, yanki ne na Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa, masu noman shinkafa a fadama da kamun kifi da kiwo da fatauci. Tun kafin zuwan Turawa, ɗaya daga cikin hanyoyin da ayarin fatakenmu ke bi zuwa Gwanja sayen goro ta wannan shiyya take ƙetare kogin, ta ratsa ƙasar Bargu. Ita kuwa iyakar da muke magana a kanta, a birnin Paris aka shata ta, cikin yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a watan Yuni na 1898, inda aka ja layi ya faɗa bakin kogi mil goma sama da mashigin ruwan Illo. Da wannan layi ne Illo ta faɗo hannun Ingilishi, 'yan uwansu na yamma kuma suka faɗa hannun Faransa a ƙasar da ake kira Dahome a da. Ke nan gidajen da ke ɓangarorin biyu sun girmi iyakar, auratayya da zumunci ma sun girme ta.

To, ƙanena mai kyamara, idan ka sauka a irin wannan wuri, me idonka zai fara nema? Na san amsar, domin ita ce ke zuwa bakin kowa da zarar an ambaci bakin iyaka: fasa-ƙwauri. Ɗan kabu-kabu ya ɗaure buhunan shinkafa yana keta daji, jarkokin fetur a cikin kwale-kwale, shingen jami'ai a kan hanya. Ban ce babu waɗannan ba, ƙarya kuwa fure take ba ta 'ya'ya. Abin da nake cewa shi ne, wannan hoton mun riga mun san shi tun kafin ka tashi daga gida, saboda haka idan shi kaɗai ka kawo mana, ka yi asarar kuɗin mota, ka kuma ƙara manna wa dubban manoma da masunta sunan da ba nasu ba.

Ko batun iyakar ne ma kake son yi, akwai labarin da ya fi wannan nauyi. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a fara buɗe wasu ba sai a Disambar 2020. A Nuwambar 2019 kuma Hukumar Kwastan ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. Mu da ke Kano ko Zariya a rediyo muka ji, su kuwa a jikinsu suka ji. Yaya manomin rani ya yi da injin ban-ruwansa a wancan lokaci? Yaya matar da iyayenta ke ƙetare ta yi da zuwa suna ko gaisuwar mutuwa? Sannan ga ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi. Mutum guda da zai zauna a gindin bishiya ya ba ka labarin yadda ya ratso waɗannan shekaru, wallahi ya fi maka hoton babura ɗari suna gudu cikin ƙura.

Akwai kuma batun amana, wanda a wurina ya fi komai. Kai baƙo ne, gobe za ka hau mota ka koma, amma mutumin da ka nuna fuskarsa a nan zai kwana. Idan ka ɗauki mai kwale-kwale a ɓoye, ka rubuta a ƙasan hoton cewa ga yadda ake satar hanya, ka san wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa bayan bidiyon ya zagaya? Tun a Nuwambar 2024 hukumomin tsaro suka fito fili suka yi maganar Lakurawa a sassan jihohin Sakkwato da Kebbi, kuma duk mai hankali ya san a irin wannan yanayi magana ɗaya a gaban kyamara na iya jawo wa mutum abin da ba ya fata. Don haka a nemi izini, a gaya wa mutum inda hotonsa zai je, wanda ya ce a rufe fuskarsa a rufe, wanda ya ce a'a a ƙyale shi. A kuma fara da gaishe da masu gari da sanar da jami'an da ke wurin kafin a ɗaga kyamara, ballantana a tayar da ɗan jirgin nan mara matuƙi a saman iyakar ƙasa.

Sai mu zo kan fosta, ko ɗan hoton nan da ake sakawa a fuskar bidiyo don a ja mai kallo. A nan kam ina da ta cewa, domin mu masu littafi mun daɗe da sanin cewa bango shi ke fara ciniki. Na sha zama a shagon mai zane muna ja-in-ja, shi yana cewa sai an sa budurwa da mota ƙirar zamani littafi zai tashi a kasuwa, ko da kuwa babu mota a cikin labarin. Irin wannan ciwon ne ya bi masu bidiyon tafiya. Za ka ga fuskar mai gabatarwa ta cinye rabin fosta, ya buɗe baki ya zaro ido kamar ya ga aljani, a bayansa an manna tuta biyu da bindiga, an rubuta da jan rubutu wai ya shiga gari mafi haɗari. Wani ma hoton da zai sa a baya ba na garin ba ne sam, daga intanet ya kwaso shi, ko kuma ya sa kwamfuta ta ƙaga masa.

A tawa fahimtar, fosta alƙawari ce tsakaninka da mai kallo, kuma shaida ce a kan mutanen garin. Gwajin da nake ba da shawara mai sauƙi ne: idan aka buga fostar nan aka liƙa ta a tashar motar Bagudo, za ka iya tsayawa kusa da ita da rana tsaka? Idan amsar a'a ce, to a sake ta. Me zai hana a sa masunci ya miƙe a kan kwale-kwalensa da sassafe, ko hannun mai awo a kasuwa riƙe da naira da sefa a haɗe? Wannan hoto na biyun shi kaɗai ya gaya wa mai kallo cewa ƙasa biyu ne suka haɗu a tafin hannu guda, ba tare da an zagi kowa ba. A kuma rubuta sunan garin daidai, da manyan baƙaƙe, domin akwai ɗan garin da ke ci-rani a Legas ko Kwatano wanda ganin sunan kawai zai sa ya tura wa mutum hamsin.

Na san za a ce da ni, Malam, kasuwa ce ke so, idan ba a tsorata mutane ba ba za su danna ba, kuma mu ma abinci muke nema. Wannan magana ba ta wofi ba ce, ni ma da cinikin littafi na yi cefane, na san zafin kaya su kwana a shago. Amma abin da na gani a tamu kasuwar shi ne, bango na iya sayar maka da littafi na ɗaya, amma ba ya sayar da na biyu. Mai karatun da ka yaudara sau ɗaya ba ya dawowa neman ci gaban labari. Haka mai kallo yake. Bugu da ƙari, garin da ka ɓata wa suna ba za ka sake shigarsa da kyamara ba, ka kuma toshe wa na bayanka ƙofa.

Na bar sauti a ƙarshe ne saboda shi aka fi rainawa, alhali kuwa shi ne ran aikin. Sau da yawa da an gama haɗa hoto sai a ɗauko kiɗan fiyano irin na waƙoƙin fina-finanmu, ko wani kiɗan Turawa na kyauta, a shimfiɗa tun daga farko har ƙarshe, mai gabatarwa kuma yana ta zuba a kai ba numfashi. Da haka sai Lolo ta zama ɗaya da Dala, ta zama ɗaya da Abuja, tunda kunne bai je ko'ina ba. Alhali kowane gari da muryarsa. Ƙarar filafili a cikin ruwa, kukan injin ban-ruwa daga nesa, cinikin da ake farawa da Hausa a ƙare da Dandanci, a kuma faɗi kuɗin da Faransanci, duk waɗannan ba a sayen su a shagon kowa. Wanda zai yi shirin sauti zalla, irin na rediyo ko wanda ake turawa a WhatsApp, da waɗannan kaɗai zai iya ɗaukar mai saurare ya kai shi bakin kogi idonsa a rufe.

Akwai wani misali daga maƙwabtanmu da ya kamata masu wannan harka su sani. Wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya yi fim mai suna Jaguar, wanda aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1950 aka kammala a 1967. Labarin wasu samari uku ne 'yan Nijar da suka tafi ci-rani ƙasar da ake kira Gana a yau. Kyamararsa ba ta ɗaukar murya tare da hoto, saboda haka daga baya sai ya zaunar da Damoure Zika da abokinsa Lam suna kallon hoton suna hira da barkwanci a kai, wannan hira tasu ce ta zama muryar fim ɗin. Rashin kayan aiki ne ya jawo dabarar, amma ita ce ta sa har yau ake karantar fim ɗin a makarantu, domin matafiyan ne da kansu ke ba da labarin tafiyarsu. Mu da ke da waya mai ɗaukar hoto da murya lokaci guda, wane uzuri gare mu na danne bakin mai gari da kiɗa?

Don haka idan dattijo ya fi sakewa da Dandanci ko Zabarmanci ko Fulatanci, a bar shi ya yi da harshensa, a rubuta fassarar Hausa a ƙasa. Mu Hausawa mun san zafin a zo garinmu a yi magana a madadinmu da Turanci, bai kamata mu je mu yi wa wasu irin haka da Hausa ba. Idan kuma hali ya yi, hanya na buɗe, takardu sun cika, a ƙetara a ji ta bakin na Segbana, tunda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta har kwana 90 ba tare da biza ba. Labarin iyaka da aka ɗauko daga gefe ɗaya, kamar littafi ne da aka yage rabinsa.

Shawarata ta ƙarshe ita ce, kafin a saki aikin a mayar da shi ga waɗanda ke ciki su fara gani, ko a waya ne a ƙofar gidan mai unguwa. Su ne za su ce maka wannan ba sunan wurin ba ne, wancan kuma kada ka sa. Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne, to kyamara ba ta warkar da wannan makanta, ɗan gari ne kaɗai ke yi maka jagora.

Wannan shi ne ɗan abin da na hango, fili kuma a buɗe yake ga duk mai gyara ko ƙarin bayani, musamman 'yan uwanmu na Kebbi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah ya zaunar mana da iyakokinmu lafiya, ya sa albarka a sana'ar kowa, amin. Sai mun haɗu a mako na gaba da ci gaban labarinmu, in Allah ya kai mu.