Kwaɗon Tafkin Oku Ba Shi Da Wurin Ci-rani

A kan Dutsen Oku, cikin yankin Arewa maso Yamma na ƙasar Kamaru, akwai wani tafki a ramin tsohon dutse mai aman wuta, sama da mita 2,200 daga matakin teku. A cikinsa kaɗai, duk faɗin duniya, ake samun wani ɗan kwaɗo wanda tsawonsa bai kai santimita 4 ba. Sai a 1991 masana suka ba shi suna Xenopus longipes, amma tuni ya shiga jerin halittun da ke dab da ƙarewa.

Idan zama ya gagari mutum a garinsu, yakan ɗauki jakarsa ya nufi Ikko ko Fatakwal. Wannan kwaɗo kuwa, ran da tafkinsa ya lalace, to, irinsa ya ƙare ke nan.

Dajin Kilum-Ijim da ke kewaye da tafkin yana shan sara domin noma da itacen wuta, ga gobara, ga kiwon dabbobi. Da zarar itatuwa sun tafi, ruwan sama zai kwaso laka ya zuba cikin tafkin. Wani babban haɗarin kuma shi ne kifi. Tafkin ba shi da kifi tun asali, kuma idan wani ya zuba domin neman riba, sai su cinye ƙwan kwaɗin da 'ya'yansu. A 2014 gidan namun daji na Landan ya ci nasarar hayayyafa su, amma akwatin gilashi ba zai maye gurbin tafki ba.

Saboda haka wajibi ne hukumomin Kamaru su tsananta tsaron tafkin, su kuma jawo sarakunan Oku da manoma da makiyaya cikin aikin. Tsare dajin alheri ne ga jama'a, domin daga furanninsa ake samun farar zumar Oku, daga gindinsa kuma ƙoramu ke ɓuɓɓugowa.

Lalle ne Nijeriya ma ta farga. Jerin duwatsun nan ne ya miƙo har Mambila a Jihar Taraba da Obudu a Jihar Kuros Riba, inda ragowar dazuzzuka irin na Ngel Nyaki ke fama da wuta da gatari. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.