Daga asuba zuwa dare: abin da Arlit ke ji a Muryar Sahel

Tsakanin Yamai da Arlit akwai tafiya ta kusan kilomita 1200, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar Tawa zuwa Agadas ya san wahalarta. Jarida takan kwana biyu a cikin mota kafin ta iso, wani zubin ma ba ta isowa. Magana ce kaɗai ba ta kwana a hanya. Shi ya sa tun da aka kafa garin a 1969 saboda haƙar ƙarfen uraniyom, akwatin rediyo ya zama kayan aiki a shagon ɗan kasuwa da ofishin ma'aikaci, kamar sikeli ko hatimi.

Gidan rediyon ƙasa ya girmi garin. An buɗe shi a 1958 da sunan Rediyo Nijar, aka raɗa masa Muryar Sahel a 1974, shekarar da Seyni Kountché ya karɓi mulki, kuma shekarar da aka kafa kamfanin COMINAK na Akokan. Bisa al'adar gidan tun da daɗewa, da karatun Alƙur'ani ake buɗe yini, sannan labaru su biyo baya: da Faransanci tukuna, sa'an nan harsunan ƙasa su shigo ɗaya bayan ɗaya, Hausa, Zabarmanci, Tamajak, Fulatanci, Barbarci da sauransu. A garin da kowace ƙabila ta Nijar ke da ɗa, wannan jeri yana da amfani. Sai dai labarin harshen gida fassara ce, sau da yawa a taƙaice, har leburan da bai yi lakol ba ya saba da jiran maƙwabci ya cike masa abin da aka tsallake. A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci a matsayin harshen aiki. Ya kamata a ji wannan canji a yawan mintocin da ake ba kowane harshe.

Ƙarfe ɗaya na rana lokacin ma'aikatan gwamnati ne. A labarun wannan sa'a ake karanta sanarwar taron majalisar ministoci, a ji wanda aka naɗa da wanda aka sauke. A shekarun 1990, lokacin da bashin albashi ya taru wata bisa wata, malamin makaranta da malamin asibiti kan kasa kunne ko za a ce an fara biya. Ƴan kasuwa ma ba su manta da Janairun 1994 ba, da aka wayi gari darajar sefa ta ragu da rabi, kayan da ke kan kanta suka canja farashi tun kafin a taɓa su. Babban taron ƙasa na 1991 kuwa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, ta rediyo mutanen arewa suka halarce shi, suka ji ana tuhumar manya da sunayensu, abin da kunne bai saba ji ba.

Shirye-shiryen wayar da kai, na kiwon lafiya, na mata, na noma da kiwo, an tsara su ne da tunanin ƙauyukan kudu. A Arlit ruwan sama bai cika kai milimita 100 a shekara ba, to ina amfanin bayani kan lokacin shukar hatsi? Amma yana da masu saurare. Ma'aikacin da ya baro gona a Maraɗi ko Damagaram yana son sanin ko damina ta kankama, don daga nan zai lissafa abin da zai aika gida, ɗan kasuwa kuma ya hango kuɗin buhu a watanni masu zuwa.

Sai filin sanarwa, wanda masu boko ke rainawa, alhali babu shirin da ya kai shi riƙe mutane. Wane ya rasu a unguwa kaza, ana sanar da ɗansa da ke aiki a SOMAIR. Za a yi addu'ar arba'in ranar kaza. An ɗaura aure, an ɓatar da takardu, ana neman ƴan takarar jarrabawa su hallara. Kafin wayar salula, da yawa daga baƙin Arlit ta wannan fili suka ji rasuwar iyayensu, ko wani da ya ji ya tako har gida ya yi musu gaisuwa. Mai karantawa ba ya ƙawata murya, sunaye ne kawai a jere, amma hira kan tsaya cak a shago har sai ya ƙare. Nan ne talaka ke biyan ƴan kuɗinsa ya sa ƙasa duka ta ji sunan mahaifinsa. Da dare kuma a yi ta dariya da wasan kwaikwayo, fagen da Yazi Dogo da abokansa suka yi suna a cikinsa.

Idan aka tattara yinin gaba ɗaya, za a tarar Yamai ta yi wa Arlit magana sa'o'i da dama, Arlit kuwa ba ta cika samun bakin mayarwa ba, sai ranar 1 ga Mayu ko ranar da minista ya kawo ziyara. Alhali abin faɗa yana nan jibge. SOMAIR ta fara fitar da uraniyom a 1971, COMINAK a 1978. Batun ƙura da ruwan sha da tarkacen ƙarafan ma'adinai da ake sayarwa a kasuwa, ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen ce ta tono shi, tare da masu binciken CRIIRAD na Faransa da suka zo a 2003. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na ƙananan kamfanonin kwangila, aka bar wa Akokan tudun dusar ma'adinai da CRIIRAD ta ƙiyasta da tan miliyan 20. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma masu wannan ɗaki suna raye, suna zaune a bakin tasha.

A da mai neman wata murya yakan juya zuwa gajeren zango, ko zuwa tashoshi masu zaman kansu da suka fara buɗewa a 1994. An dakatar da RFI a Agustan 2023, aka dakatar da BBC na wata 3 a Disamban 2024. A watan Yunin 2025 kuma gwamnati ta karɓe SOMAIR daga hannun Orano. Ke nan mai rami da mai rediyo sun zama mutum guda, nauyin ya ƙaru a kan Muryar Sahel, domin ba a iya cewa laifin baƙo ne a wuce.

Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. Gidan yana da tashar jiha a Agadas, kilomita 240 daga Arlit. Minti 30 a mako sun isa, a ɗauko su a Arlit da Akokan da Cirozerin, da Hausa da Tamajak. A zaunar da likita ya bayyana wa tsohon ma'aikaci irin tarin da bai kamata ya yi sakaci da shi ba. A gayyato jami'in asusun CNSS ya faɗi takardun da matar mamaci za ta kawo kafin a biya ta haƙƙinta. A ba direban da ke jigila zuwa Assamaka dama ya faɗi halin hanya da bakinsa, a kuma sa shirin dab da filin sanarwa, lokacin da kowane shago ya yi tsit.