Kafin a tambayi sunan jami'a, a tambayi halin yaro

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar WASSCE ya fito, zaurukan zangunanmu, tun daga Nima har Aboabo, kan cika da shawarwari. Tambayoyi biyu ne ke yawo a bakin iyaye: wace jami'a ce ta fi suna, kuma wane kwas ne ke kawo kuɗi? Ta ukun, wadda a ganinmu ita ce uwa, ba kasafai ake yin ta ba: shi yaron, wane irin hali gare shi?

Tun da aka fara karatun sakandare kyauta a Ghana a 2017, 'ya'yanmu da ke isa ƙofar manyan makarantu sun ƙaru, alhamdu lillahi. Amma kuɗin fom da na ɗaki da na abinci daga gumin mai sayar da koko da direban tasi suke fitowa. Idan aka tura yaro inda ɗabi'arsa ba ta zauna ba, ko dai ya gudo, ko ya kammala da takardar da ransa bai taɓa so ba. Asarar ta gida guda ce.

Magabata sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, John Holland, ya tsara irin wannan magana a ilmance tun 1959. Ya kasa mutane gida shida: mai son aikin hannu da na'ura, mai son bincike, mai fasaha da ƙirƙira, mai son hidimar mutane, mai son jagoranci da ciniki, da mai son tsari da lissafi. Jigon maganarsa shi ne wuraren karatu da na aiki su ma suna da irin waɗannan halaye, kuma mutum ya fi samun gamsuwa da ɗorewa inda halinsa da na wurin suka dace. Kowa kuwa yakan haɗa biyu ko uku daga cikinsu.

Mu ɗora wannan ma'auni a kan makarantunmu. Yaron da tun yana ƙarami yake kwance rediyo yana mayarwa, bai kamata a raina masa jami'o'in fasaha ba, waɗanda dokar 2016 ta ɗaga daga matsayin folitaknik. In makinsa ya kai, ga sashen injiniya na KNUST a Kumasi. Yarinyar da ke tara ƙanne tana biya musu karatu ba tare da an sa ta ba, a duba mata kwalejojin horar da malamai, waɗanda ke ba da digiri na shekara huɗu tun 2018, ko Jami'ar Cape Coast da ta Winneba. Jami'ar UDS da aka kafa a Tamale a 1992 takan tura ɗalibanta su zauna makonni a ƙauyuka suna nazarin rayuwar mutane. Mai son cuɗanya zai ji daɗin haka, mai ƙyamar baƙunta kuwa ya san da zancen tun kafin ya sayi fom. Legon kuma gari ce guda, wasu azuzuwanta cike da ɗaruruwan ɗalibai. Mai ƙarfin zuciya da iya neman haƙƙinsa yakan bunƙasa a can, mai tsananin kunya kuwa yana iya ɓacewa cikin taro ba wanda ya lura.

Wani zai ce talaka ba shi da zaɓi, inda ƙofa ta buɗe nan zai shiga. Gaskiya ne maki da aljihu su ne ke shata iyaka. Sai dai a cikin iyakar nan ma akwai ƙofa fiye da ɗaya, kuma wanda kuɗinsa bai isa ya sake gwadawa ba shi ya fi kowa buƙatar dacewa tun a karon farko.

Haka kuma muna jan kunnen matasa kan gwaje-gwajen intanet, irin na Myers-Briggs da ke kasa mutane gida 16. Mutum ɗaya kan yi gwajin sau biyu ya fito da sakamako daban-daban. A ɗauke su a matsayin mabuɗin hira, kada su zama hukunci. An ce hali zanen dutse ne, amma na ɗan shekara 18 bai gama zanuwa ba. Shaidar uwar da ta raine shi, da malamin allo da na boko da suka ga yadda yake ɗaukar karatu, ta fi tambayoyin waya nauyi.

Kada kuma a jira sai bayan WASSCE. Zaɓin farko yana faruwa ne a aji uku na ƙaramar sakandare, lokacin da ake cike fannin kimiyya, ko kasuwanci, ko zane, ko fasaha, kuma wannan ne ke buɗe wasu ƙofofi ya rufe wasu. A nan ya kamata uba da uwa su zaunar da ɗansu su tambaye shi: wane aiki kake yi har ka manta da yunwa? Ka fi son aiki kai kaɗai ko cikin jama'a? Sa'an nan su yi haƙuri su saurari amsar, ko da ba ita suka so ji ba.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya dora kowa a kan abin da zai amfane shi, ya amfani al'umma.