Sharhi: Bayan an kama dillalin tramol, wa zai riƙe wanda ya daina sha?

Kowace 26 ga watan Yuni, ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya, hukumomin Nijar kan yi bayanin ƙwayar da aka kama da dillalan da suka shiga hannu. Wannan aikin hukumar OCRTIS ne da jandarmomi da 'yan duwan. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne makomar magidancin da ya yi niyyar dainawa a ƙauyukan Agye, Gazawa ko Gidan Rumji.

Gundumomin uku na jihar Maradi duk suna daf da Najeriya, ƙasar da binciken da aka yi da tallafin hukumar UNODC a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda. A wannan yanki tramol ba ta tsaya ga 'yan shaye-shaye na bakin tasha ba. Ɗan kabu-kabu da ɗan ƙwadagon gona na shan ta don kashe gajiya, har jiki ya saba. Mai shan giya kuwa ya fi ɓoyewa, saboda kunyar idon jama'a.

Iyaye da yawa, idan abin ya fi ƙarfinsu, gidan mari suke tunani. Amma samamen da 'yan sanda suka kai Rigasa a Kaduna da kuma Daura a 2019, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, ya nuna inda wannan hanya ke kaiwa. Ɗauri na raba mutum da ƙwaya na ɗan lokaci, ba ya raba shi da dalilin shan ta.

A Amurka, masu fama da giya sun kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous a 1935: suna haɗuwa a kai a kai, suna rufa wa juna asiri, wanda ya daɗe da dainawa yana riƙe da sabon shiga. Maradi ba baƙuwar irin wannan tsari ba ce. A nan aka fara Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, inda mata ke taruwa mako-mako, su yi zubi, su ranta wa juna. Ga kuma fada, inda matasa ke kwana hira da shayi. Fadar da ke koya wa yaro ƙwaya za ta iya zama wadda ke tambayarsa yau kwana nawa bai sha ba.

Sai dai zama da hira kaɗai ba su isa ba. Wanda ya daɗe yana shan giya, in ya yanke rana ɗaya, zai iya kamuwa da jijjiga har ta kai shi lahira. Barin tramol ma na zuwa da ciwon jiki da rashin barci. Dole kowace ƙungiya ta haɗa kai da ma'aikatan asibitin CSI mafi kusa.

Sai kuma sana'a, domin wanda ya warke ya zauna hannu rabbana, tsoffin abokai ne za su fara neman sa. Nan ne 'yan ci-rani ke da abin yi: kuɗin da ake aikowa don a kai ƙane gidan mari, gara su tafi ga magani da jari. Magadan gari da sarakuna kuma su ba da wurin zama da kariya, don kada taron masu neman dainawa ya zama wurin kame.