Idan takalmi ya yi wa babba kaɗan

Yaro ne ke sake takalmi saboda girma. Idan magidanci ɗan shekara 40 ya ga takalminsa ya matse shi, zobe ya ƙi fita, haɓa tana tsawo, haƙora suna rabuwa, wannan ba ƙibar jin daɗi ba ce, ba sammu ba ne.

Ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata ƴar tsoka kamar ƙwayar wake. Ita ke zuba sinadarin girma cikin jini, galibi lokacin barci mai nauyi. Ƙwaƙwalwa ke riƙe da linzaminta: ta ce zuba, ta ce tsaya. Idan ƙari ya tsiro a wurin, sai tsokar ta daina jin «tsaya». Babba ya gama tsawo, don haka hannu, ƙafa da fuska ke yin kauri. Ciwon sukari da hawan jini sukan biyo baya, gani ma yakan ragu.

Cutar ba ta da yawa, amma sannu take tafiya, har mutanen gida ba su lura. Wanda ya dawo daga ci-rani shi ke gani, sai kunya ta rufe masa baki. A ganina wannan kunyar cutarwa ce. Ya faɗa! A ɗauko tsohon hoton katin ɗan ƙasa a gwada, a tafi da shi likita.

Can ana shayar da mutum ruwan sukari, a auna jini. Ga mai lafiya sinadarin yana sauka, ga mai cutar ba ya sauka. Ana cire ƙarin ta hanci, akwai kuma allura. Ƙashin da ya riga ya yi kauri dai ba ya komawa.